Ba Iska Ke Damun Yayanka Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifiyarka zuwa ga ɗana Habu. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka, ya raba ka da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, amin.

Bayan haka, na cusa takardar nan cikin jakarka ƙarƙashin ƙullin ƙuliƙuli, don na san halinka, ba za ka kai Gumel ba sai hannunka ya je wurin. Ka yi haƙuri da rubutun. Rabona da alƙalami tun Malam mahaifinku yana da rai, tawadar ma ta aro ce. Maganar da ke ciki na yi ta juya ta a baki tun da aka sa ranar tafiyarka, amma duk sanda na buɗe baki sai in ji na ce maka ka ƙara tuwo. To ga ta a rubuce, tunda takarda ba ta da idon da zan ji nauyinsa.

Za ka Gagarawa wurin yayanka, ka zauna a gidansa, ka hau keken ɗinki a bakin tasha yanzu da kakar gyaɗa ta kama. Ni na ce ka je, ni na fi kowa rawar jiki. Kafin ka sauka ina so ka san gidan da za ka shiga. Habu, ba iska ke damun yayanka ba. Giya yake sha. Ya daɗe yana sha, ni kuma na daɗe da sani. Kai ka tashi kana jin ana cewa lalura ce, ka ga ana yi masa hayaƙi, ka ga ana wanke masa allo, ka ɗauka da gaske. Ba laifinka ba ne. Ni na shuka wannan magana a gidan nan, ni nake ba ta ruwa duk shekarun nan, kuma kunyar da nake ji yanzu da nake rubuta maka ta sa sau da yawa na ajiye alƙalamin na tashi na kama shara.

Ka san shi ne ɗan farina. Tun da aka yanke masa cibi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi a gaban mutane ba. Da aka yaye shi, gwaggonku Ladi, yayar Malam, ta goya shi ta tafi da shi Maigatari. Ban ko raka su zaure ba. Na shiga ɗaki na ci kukana, na wanke fuska na fito ina wasa da dariya. Haka aka koya mana, kuma ba na zagin abin da iyaye suka bari. Sai dai ni na zarce kowa. A nan Ɗanzomo in ana so a gori wata mai rawar kai a kan ɗanta, da ni ake yi mata misali, a ce ta je ta ga Kulu matar Malam. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin wannan yabo har cikin ƙashina.

A Maigatari ya girma, cikin kasuwar shanu. Ya zama dillali tun da ƙuruciyarsa, yana tsallaka iyaka ɓangaren Faransawa ya sayo, ya koro su har Gagarawa a loda a jirgi. Wata Sallar layya ya zo mana da goro da turmin atamfa, gida ya cika da murna. Magana ba na yi masa, amma wanki ba kunya a cikinsa, sai na kwashe rigunansa na tafi bakin rijiya. Ina ɗaga babbar rigar wani wari ya buge ni, mai tsami, kamar ƙullun koko da aka manta a rana. Ni kuwa kusa da gidajen Maguzawa na tashi, ta bayan dangarsu muke bi in za mu itace, na san warin dawar da aka tsima kamar yadda na san warin daddawa. Na tsaya da riga a hannu. Sai na ce wa kaina ai wani ne ya zuba masa a mota. Na wanke ta, na sake wankewa, na shanya ta can bayan rumbu inda ba mai wucewa. Aikin farko da na yi wa giyarsa ke nan, na wanke mata riga.

Don haka in ka shiga gidan hancinka ya gaya maka abu, ka tsaya a kan abin da ya gaya maka. Zuciya za ta kawo maka dalili mai daɗin ji nan take, ta wani ne ya zuba masa, ta magani ne, ta gajiya ce. Tawa ba ta taɓa rasa dalili ba, kuma kai jinina ne.

Ba a daɗe ba sai ga gwaggonku Ladi a kan jaki, da rana tsaka, ba aike ba sanarwa. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura. Ba ta taɓa ba. Ta ce, "Kulu, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Yaron nan ya lalace da shan giya. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da manya, ya fi ƙarfina. Ke kika haife shi. Don Allah ki ajiye kunyar nan ki kira shi ki yi masa magana ko sau ɗaya ne. Wataƙila nono ya yi abin da goyo ya kasa."

Ka san abin da na ce mata? Na ce, "Yaya, ni ba ni da ɗa a Maigatari. Ɗanki ne. In ya gyaru naki ne, in kuwa ya lalace sai a tambayi hannun da ya rene shi."

Matar da Allah bai ba haihuwa ba na gaya wa haka. Matar da ta yi jinyar ƙyandarsa, ta sayar da akuyarta aka yi masa kaciya, ta yi masa duk abin da ni nake zaune a nan ina karɓar yabo saboda ban yi ba. Ta dube ni ta ce, "To, na ji." Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita, furar tana nan ƙuda na bi. Ba mu sake zama ba. Damina biyu tsakani aka aiko ta rasu. Na je gaisuwa na fi kowa kuka, mutane suna cewa dubi yadda take son dangin miji, ni kuwa na san abin da nake wa kukan.

A Gagarawa za ka sami mai gaya maka gaskiya. Wataƙila maƙwabci ne, wataƙila wani lebura ne mai ɗanyen baki wanda bai iya lauya magana ba. Ranka zai ɓaci, jininka zai hau, za ka ji kamar ka shaƙe shi don ya taɓa ɗan'uwanka. Ka haɗiye. Ka ba shi wurin zama ka ji sauran. Wanda ya ƙi ku ba zai wahalar da kansa ya zo ya faɗa maka ba, a rumfar mai shayi zai faɗa ana dariya.

Maganar iska kuwa ga yadda ta samo asali. Bayan rasuwar Ladi ya koma Gagarawa da zama. Wata ranar kasuwar garin nan ya zo, bai ko iso gida ba ya faɗi a gaban rumfar mahauta, rana na tsakar ka, yana birgima yana ɗaga murya. Shi kuwa in ya sha, ɗan guntun Faransancin da ya tsinta a bakin iyaka shi ke ɓalle masa. Mutane suka taru. Sai wani tsoho mai sayar da igiya, almuhibbin Malam ne, Allah ya jiƙansa, ya ratsa taron yana cewa, "Ku matsa, ku ba shi iska! Ba ku ji yaren da yake yi ba? Ai ba shi ba ne. Aljanin Turawa ne ya hau shi, irin na bakin iyaka." Ya cire rawaninsa ya rufa masa a fuska, ya sa aka ɗauko shi.

Tsohon nan asirin Malam ya rufa na yini ɗaya, Allah ya saka masa. Ni ce na karɓi maganar na mai da ita abin zama. Kafin la'asar mata sun cika gidan nan suna jaje, wannan ta kawo tazargade, waccan ta kawo ganyen magarya, kowa na cewa sannu Kulu, Allah ya yaye. Nan na gane abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Uwar mai iska jaje ake yi mata, uwar mashayi kuwa nuna ta ake yi da baki. Na zaɓi jaje.

Malam ya ɗauko allo ya rubuta, ya wanke, ya miƙa masa. Yayanka ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu ya sha, kansa a ƙasa. Ina tsaye a ƙofar madafa ina kallo ta wutsiyar ido. Mu uku a tsakar gida, kowa ya san gaskiya, kowa yana taya ɗan'uwansa ɓoye ta. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. A ciwon ajalinsa, wata rana bayan la'asar ina ba shi kunu, Malam ya riƙe ludayin ya ce, "Kulu, allunan nan da na yi ta wanke wa yaron nan, Allah ya yafe mini. Ni da ke mun san abin da ke damunsa." Na ce, "Malam, sha kununka kada ya huce." Ya dube ni, sa'an nan ya sha. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Kada ka sa wa abin wani suna, Habu. Kada ka ce lalura, kada ka ce ya ɗan taɓa, kada ka ce ba ya jin daɗi. In za ka faɗa, ka ce ya sha giya. Kalmar tana da ɗaci a bakin ɗan malam, na sani, ni ma sai da na yi ta'awizi kafin na rubuta ta. Amma mu da muka sauya mata suna mun yi ta yi wa abin da babu magani, abin da ke akwai kuwa yana ta girma.

Yanzu zan gaya maka abin da ya fi cuta ta, don shi ne zai fi saurin cutarka. Azumi ne. Yayanka da an ga wata yake ajiye giya, ko ɗigo ba ya taɓawa har Sallah. Kai ma shaida ne, a nan yake zuwa ya yi azuminsa. Kwanakin farko hannunsa na rawa, ba ya son magana. Daga nan sai fuska ta washe, ido ya yi fari, ya kama gyaran danga, ya hau ya sake mini jinkar ɗaki ba wanda ya sa shi. Ya je asham a sahun gaba. In ya ɗauki karatu da hantsi a zaure sai in ajiye taɓarya, don muryar Malam ce sak. Da an sha ruwa ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata, ta bayan asabari, ya ce, "Inna, barka da shan ruwa." In ce yauwa, can ƙasa-ƙasa, kamar da bango nake. A cikina kuwa kamar in tashi in yi guɗa.

Duk shekara sai in ce shi ke nan, ya bari. In yanka zakara in yi sadaka, in gaya wa maƙwabta iskar ta sake shi. Da yake kuma an ce ana ɗaure shaiɗanu a watan, sai ƙaryata ta zauna daidai, har malamai suna gyaɗa kai. Ya koma Gagarawa bayan Sallah, kafin lallen Sallah ya goge a hannun 'yan mata labari ya iso. In yi kwana biyu ba na cin abinci, sa'an nan in fara jiran wani azumin. Wata ɗaya nake da ɗa a shekara, sauran watannin jiransa nake yi.

A cikin irin wannan azumi ne ya zo bakin ƙofar ya gaishe ni, bai tashi ba. Na ji yana gyara zama, yana gyaran murya. Can ya ce, "Inna, akwai maganar da nake so in gaya miki. Na rasa wanda zan gaya wa." Asabari ne kawai tsakaninmu, ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙasa. Na san maganar. Na san in ya faɗe ta da bakinsa, ba sauran iska, ba sauran jaje, sai ni da ɗana da abin da ke gabanmu. Sai na ɗaga murya kamar da yaran gida nake, na ce, "Ku ce masa abincinsa yana zaure." Sa'an nan na ga ƙafafun sun juya.

Mutane suna kiran wannan kunya. Ni da na yi na san tsoro ne. Ɗana ya kawo kansa har ƙofata yana neman wanda zai riƙe shi, na tura shi ga kwanon tuwo. In akwai abin da nake tsoron a tambaye ni ranar gobe, wannan ne. Saboda haka in wata rana ya ce maka yana da magana, ko kana tsakiyar ɗinkin rigar hakimi ne, ka ɗaga ƙafa daga keken ka saurare shi. Amma kuma kada kyawawan kwanakinsa su ruɗe ka. Ka yi masa fata, ka yi masa addu'a, kada dai ka ɗora komai a kansu. Ba ranar da ya fito masallaci za ka auna shi ba, ranar da aka gama lodin shanu abokai suka ja hannunsa, ita za ka duba.

Da allo ya ƙi, sai na ce aure. Mata suka taya ni, wai da ya ajiye iyali zai natsu. Na tuna Binta, 'yar aminiyata Asabe ta Sule Tankarkar, yarinya mai hankali, kuma ta gan shi a nan cikin azumi ta ce tana so. Wa zai gan shi a watan nan ya ƙi? Kafin a sa rana Asabe ta zo da kanta, ta ja ni ƙuryar ɗaki ta kama hannuna ta ce, "Kulu, tun muna 'yan mata muke tare. Tsakaninki da Allah, lalurar nan ta rabu da shi?" Na ce ta rabu. Ta ce, "To, na ba ki ita, ba shi na ba ba." Ban yi ƙarya da gangan ba, abin da nake gaya wa kaina ke nan har yau. Na so ya zama gaskiya ne ƙwarai har na rantse a kai. Amma 'yar mutane ba ta san bambancin ba, ita dai an kai ta.

Bayan ta haifi Uwani, wadda aka sa wa sunana, sai ga ta wata rana da goyo, ƙafa duk ƙura, leɓe a bushe. Ba gidansu ta yi yaji ba, nan ta zo, don kada iyayenta su ji. Dubi hankalin yarinya. Ta durƙusa nesa da ni, kanta a sunkuye, ta ce, "Inna, ki gafarce ni, zan yi rashin kunya. Ba iska ba ce. Ni nake wanke amansa. Gidan da yake zuwa a bayan tasha na san shi, na sha tsayawa a ƙofarsa da goyo. Inna, ki taimake ni, ban san yadda zan yi ba."

Na ce mata aure ɗan haƙuri ne. Na ce kowace mace da irin nata, na ce ta yawaita addu'a, ta riƙa yi masa girki mai daɗi don ya riƙa zama a gida. Na ƙulla mata kuka da kuɓewa da daddawa, na sa aka raka ta bakin hanya. Har ina jin na yi abin kirki, na kashe wuta.

Ba a rufa wata biyu ba, tana tsakiyar dama kunu da hantsi aka rugo aka ce mata ga mijinta can kwance a kan hanyar jirgi, ga jirgi ya kusa. Ta zabura ta fita ba ko mayafi. Ita da wasu leburori suka janye shi. Kafin ta dawo Uwani, tana rarrafe lokacin, ta ja tukunyar ta kife a jikinta. Yarinyar ta rayu, alhamdulillahi. Da aka tambaye ni a nan na ce tsautsayi ne. Za ka ga hannun in ka je, daga kafaɗa har gwiwar hannu. Kada ka kau da kai kamar yadda na yi da aka kawo mini ita. Ka dube shi da kyau, aikin kakarta ne.

To, sai saƙon da ya zo a kanka. Wani mai koren shanu ya tsaya a zaure ya ce yayanka yana gaisuwa, ya ce ya tuba tuban gaske, ya sama maka keke a shagon wani abokinsa, a turo ka da kaka. Ka tuna yadda na yi. Na raba goro, na ce Allah ya karɓi addu'a, na ce in yana ganin ƙanensa a gida zai ji nauyi ya riƙe tubansa. Sai kwanan nan ina tankaɗe abin ya faɗo mini, har rariya ta suɓuce. Bana bai zo mana azumi ba, kuma saƙon nan cikin azumi aka kawo shi. Tun daga Sallah har yau ba mu sake jin komai ba. Na tare wata mai daddawa da ke cin kasuwar Gagarawa na tambaye ta mutanen gidan, ta ce suna lafiya, tana faɗa tana gyara gammon da ba abin da ya same shi.

Nan na zauna na dubi kaina. Na ba shi allo. Na ba shi 'yar aminiyata. Na ce haihuwa za ta gyara shi, ga abin da ya sami jikata. Yanzu kuma kai na ɗauko, kai da ka rage mini, zan jefa a ciki in koma gefe in jira labari mai daɗi. Ban tura ka don ɗinki ba, Habu, gara ka ji daga bakina. Magani na mai da kai.

Na yi tunanin in hana ka tafiya. Amma in na hana ba dalili wata ƙaryar ce kuma, ga shi kai ba yaro ba ne, sana'arka tana can inda mutane suke, Binta ma tana bukatar ta ga wani nata mai hankali a gidan. Shi ya sa na bar maka zaɓi da idonka a buɗe. In ka gama karantawa ka ga daga Gumel za ka juyo, ka juyo. Duk mai tambaya ya zo ya same ni.

In kuwa ka wuce, ga abin da nake so ka riƙe. Zai aike ka. Ba ranar farko ba, sai kun saba, sai ya ce ɗan je bayan tasha gidan wance ka karɓo mini saƙo. An koya maka ƙane ba ya ƙin aiken wansa, ni na koya maka da bulala. To ni ɗin ce yau nake cewa wannan aike ka ƙi shi. Ka ce, "Yaya, aike ni ko'ina, ban da can." Zai yi fushi, zai ce ka raina shi, wataƙila ya yi kuka, don ya iya. Ka tsaya. Wata rana kuma zai miƙo maka ƙwarya yana dariya ya ce kurɓi ka ji, ai kunu ne. Yayanka ba mugu ba ne, yana sonka, shi ya sa nake tsoro. Mai sha ba ya son ya sha shi kaɗai a gaban wanda yake jin nauyi. Shi ma wani mai sonsa ne ya fara miƙa masa.

Kada ka yi masa ƙarya wurin masu shanu, kada ka ce yana zazzaɓi alhali yana kwance a buge. In ya faɗi a hanya ka ɗauke shi, ɗan'uwanka ne, amma da ya farka ka gaya masa inda ka tsince shi da waɗanda suka gani. In Binta ta ce za ta gida, kada ka ba ta haƙuri, na riga na ba ta wanda ya ishe ta har ta mutu. Ka ɗauki Uwani a kafaɗa ka raka su Sule Tankarkar, ni zan je in durƙusa gaban Asabe in faɗi abin da na yi. Ni kuma in za ka aiko mini, kada ka ce kowa lafiya don ka faranta mini. Na ƙoshi da labari mai daɗi. Ka gaya wa ɗan aiken gaskiya, ko a gaban wa zai faɗa.

Ka gaya wa yayanka da an gama roron wake ina tafe. Zan shiga gidansa in zauna a gabansa, ba asabari, in tambaye shi maganar da ya zo da ita na kore shi. Matan garin nan za su ce Kulu ta tsufa ta zubar da kunya, su faɗa. Ban sani ba ko zai amfana. Wataƙila na makara, kuma ba zan sake yi wa kaina alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Nawa ne dai in je, ba naka ba.

Kai ba maganinsa ba ne. Ba kai ka sa shi ba, ba kai za ka cire shi ba, sai ran da shi ya so kuma Allah ya nufa. In ka ga zaman yana cin ka, ka ga ka fara yi masa ƙarya ba ka ji komai ba, ko ka ga ƙafarka ta fara sanin hanyar bayan tasha, kada ka tsaya sallama. Ka bar keken, ka bar kayanka, ka hau duk motar gyaɗar da ka samu. Ba zan tambaye ka don me ka baro shi ba.

Ka yafe mini abin da na ɓoye maka. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka gaida Binta, ka shafa mini kan Uwani. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka, ya kare ka daga abin da ya sami ɗan'uwanka, shi kuma Allah ya dube shi da idon rahama. Na daɗe ina roƙon Allah ya dawo mini da ku ku biyu. Har yanzu ina roƙo. Amma Allah ya kai ka lafiya, Habu, ya dawo mini da kai lafiya, ko da kai kaɗai ne.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Kulu, Ɗanzomo.